Hanyoyi Shida

Daga dilar gwanjo a Kejetiya ya fito,
jirgi mai saukar ungulu, tsawon damtsena,
farfela a karye, ba rimot, ba takarda.
Sakinatu ta tallafe shi kamar ɗan tsako.
Wata uku tana jinyarsa a kan teburina,
tsakanin fankokin mutane
da rediyoyin da masu su suka manta.
Ranar da injinsa ya yi tari, ta ce,
"Kawu, ya samu numfashi. Saura kunne."

Sidi ɗari bakwai na ƙulle a aljihu,
ladan fanka goma sha ɗaya da dutsen guga biyu.
Daga Aboabo muka hau tirotiro zuwa Adum,
jirgin a cinyarta, cikin kwalin madara.

Shagon Kwaku Boadi na saman bene,
bayan masu gyaran waya.
Ya sauko da na farko yana goge shi da gefen riga:
gilashi mai launi, hanyoyi goma sha shida,
har muryar mace gare shi in batir ya gaza.
Na tambayi kuɗi, ya faɗa da Tonanci.
Na ce ya maimaita da Hausa, ko zai ragu.
Bai ragu ba.

Sakinatu ta ƙirga a yatsunta:
ɗaya ta wuta,
biyu na karkata gaba da gefe,
ɗaya ta wutsiya, ɗaya ta kwanciyar farfela,
ta shida ta ɗan abin da ke hana shi hajijiya.
"Shida ke nan. Sauran goman wa zan aika?"

Na biyu tsoho ne, eriya kamar karan dawa,
araha har ta sa zuciyata rawa.
Ta girgiza kai.
"Irin wannan, in wani ya kunna nasa a kusa,
jirgina zai bi umarnin baƙo."
Na cire hannu daga aljihu. Araha ba ta ado.

Na uku baƙi ne, ba kwalliya,
gumin wani ya cinye rubutun jikinsa.
Ɗan akwatin karɓar saƙo na ɗaure a bayansa da roba,
uwa ɗaya uba ɗaya, yarensu ɗaya.
Ta rufe ido,
ta tura sandunan da manyan yatsu
yadda uwarta ke latsa tumatir kafin ta taya.
Na dama ya koma tsakiya da kansa,
na hagu ya tsaya inda aka bar shi.
Ta jona, ta kunna, jirgin ya fara gurnani.
"Yanzu kashe rimot mu gani."
Kwaku ya kashe. Injin ya yi tsit.
"Haka nake so," in ji ta.
"In ya rasa muryata ya zauna,
kada ya shiga uwa duniya."

Ɗari biyar da hamsin, bayan na miƙe sau biyu.
Batir huɗu gyara.
Ragowar ta zube su duka a kan farfela.
Kwaku ya ce, me za ki yi da shida?
Ta ce, "Karyawa."

Filin makaranta a Asawasi, bayan la'asar,
'yan ƙwallo sun ba mu kusurwa guda.
Ya yi rawar ɗari, ya saki ƙasa,
ya kai gwiwata,
ya tsaya a kan iska tsawon numfashi uku,
ni kuwa ban yi ko ɗaya ba.
Sai ya karkata, ya sumbaci turken raga.
Ƙas!

Mai tsaron gida ya kwanta don dariya.
Sakinatu ba ta dube shi ba.
Ta zaro farfela daga aljihun siket,
ta miƙo mini hannu ta baya.
Na sa mata sukudireba.
Saura biyar, kuma rana ba ta faɗi ba.